Fayil ɗin da Baba ya miƙa da hannu biyu

Gidanmu na bayan Samaru babu shi yanzu. Wanda ya je wurin yau rami zai tarar, da bola, da wani zogale da ya fito daidai inda muke shanya. Na faɗi wannan tun farko ne don kada kowa ya zauna yana jiran daɗi a ƙarshe. Babu shi.

Baba ne ya gina gidan da kuɗin sallamarsa, bayan ya shekara talatin da biyar yana koyarwa a firamare, sha biyun ƙarshe yana hedimasta. Ɗaki huɗu ne a jere, tubalin ƙasa da shafen siminti, sai rufin kwano. Lokacin da ya sayi filin, abin da ke bayansa 'yar hanyar ruwa ce wadda ko ɗan akuya zai tsallake. Sai masu kuɗi suka gano ɗaliban jami'a na neman ɗakin haya ruwa a jallo, aka yi ta zuba gine-gine a saman unguwar, kowa ya juyo mana da bakin lambatunsa. Ruwan kwanonsu da na wankansu da na wankinsu duk ya haɗu ya biyo ta bayan gidanmu. Kafin mu ankara hanyar ruwa ta zama kwazazzabo, wanda in ƙato ya tsaya a ciki ko hularsa ba ka gani. Kowace damina kuma sai ya ƙara matsowa.

Ɗakin Mama ne na ƙarshe a jeren, shi ne mafi kusa da ramin. Ta rasu shekara biyu bayan mun tare, ba mu kuwa taɓa komai a ɗakin ba. Gadonta na nan, da kabad ɗin kwanukanta, da zanenta na zumuntar mata a rataye a ƙusa. Baba yana da wata doguwar rular katako, irin ta zane a allo, wadda malamansa suka ba shi don tsokana ranar da ya ajiye aiki. Duk ƙarshen damina sai ya ɗauko ta ya auna daga bakin ramin zuwa bangon ɗakin Mama, ya rubuta da alli a jikin bangon. Rula sha huɗu. Sha ɗaya. Tara. Shekarar da nake ba da labarinta, shida ya rubuta. Ramin ya riga ya ci danga, ya ci tsohon makewayi, abin da ya rage tsakaninsa da bangon wata gwaiba ce da Mama ta dasa da hannunta.

Wasiƙa kam Baba ya rubuta ta har ya gaji. Yakan sa guga a kaftaninsa ya hau bas ya kai ofis da kansa, a karɓa a buga hatimi a ce a dawo mako mai zuwa. Abin da ake nema bai taka kara ya karya ba: kwalbati ɗaya a saman layi, da magudana ta siminti da za ta ɗauke ruwan zuwa rafi. Kansilan da ke kai a lokacin sau ɗaya ya taɓa zuwa, ya tsaya nesa don kada takalminsa ya ɓaci, ya ce subhanallahi, ya shiga mota.

A ƙofar gidanmu akwai shagon wani tela, dattijo ne sa'an Baba. Shi Musulmi, mu Kirista, amma benci ɗaya suke zama da rediyo ɗaya tun ranar da muka tare. Da aka fara maganar zaɓen ƙananan hukumomi, shi ne ya tsayar da kekensa wata rana ya ce, "Hedimasta, wai kai me zai hana ka fito kansila ne? Ka yi mana kwalbatin nan da kanka mu huta."

Ina tsaye a wurin da bokiti a hannu. Dariya na yi. Na ce, "Haba Malam, so kake a kashe mini uba? Siyasa ai ba aji ba ce."

Baba bai yi dariya ba. Ya dubi wajen ɗakin Mama ya ce, "Uwata, rula shida ya rage." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa uwata yake ce mini ko yana fushi.

A lokacin ina aiki a wani shagon fotokwafi da ke bakin titi, daura da ƙofar jami'a. Wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, mu ba mu ma da ita. Daga safe zuwa yamma ina tsaye a kan inji ina kwafe wa ɗalibai takardun darasi, har na san ƙamshin takarda mai zafi fiye da na girkina. Ni na buga fastocin Baba, baƙi da fari, domin ba mu da halin mai kala. Hoton ya fito baƙi ƙirin, ba a ganin komai sai gilashinsa da farin gemunsa. Malam tela ya riƙe ɗaya ya juya ta ya sake juyawa, ya ce, "To ai shi ke nan, ko a duhu aka gan shi an san shi ne."

Wata ƙaramar jam'iyya ce ta ba shi takara, wadda ofishinta a mazaɓarmu bencin nan ne na ƙofar shagon tela. Ɗaya ɓangaren, na kansilan da ke kai, sun raba sabulu da gishiri da atamfa. Mu ba mu raba ko ashana ba. Baba da ƙafa yake bin gida-gida, in ya shiga sai ka ga magidanci mai 'ya'ya biyar ya miƙe zumbur yana gyara wuyan riga. Rabin mazaɓar nan Baba ya zane su da bulala, ɗaya rabin kuma 'ya'yan waɗanda ya zane ne. Makanikan Yarbawa na bakin tasha, da Inyamurai masu shagon kayan gini, da mutanen cocinmu, da na masallacin layinmu, kowa ka taɓa sai ya ce Hedimasta. Ni da na fara da dariya, wallahi sai da na koma ina kwana ina tashi da abin a raina.

Bari in yi bayanin abu ɗaya, domin a kansa komai ya rataya. A kowace rumfar zaɓe, in an gama ƙirga ƙuri'a a gaban jama'a, malamin zaɓe zai rubuta sakamakon a takarda, a sa hannu, a ba ejan na kowace jam'iyya kofensa. Wannan kofen na ɗan takara ne. Shi ne kaɗai shaidarsa in aka je sama aka juya lissafi. Ko ɗan acaba ya san ba a rabuwa da shi.

Ejan-ejan ɗin Baba tsofaffin malamai ne da tsofaffin ɗalibansa. Ana jibi zaɓe ya tara su a gindin gwaiba, ya jera su a benci, ya tsaya a gabansu hannu a baya. Ya ce kowa ya karɓi kofensa, kada ya naɗe shi, kada ya cusa shi a aljihu, ya kawo masa gida kafin ƙarfe biyar. Har ya sa suka maimaita. Wata tsohuwar malama ta ɗaga hannu kafin ta yi tambaya, aka kwashe da dariya.

Ranar Asabar aka yi zaɓen, cikin bazara, ana zafin da har kwano ke ƙara. Rumfarmu a gindin mangwaro take, a gaban makarantar da Baba ya yi hedimasta. Mun dangwala tun da hantsi amma babu wanda ya koma gida. Wajen la'asar aka zazzage akwati a kan tebur, malamin zaɓe yana ɗaga ƙuri'a ɗai-ɗai, jama'a na ƙirgawa da baki ɗaya. Tarin Baba ya yi ta hawa, na kansila kuwa ko tafin hannu bai cika ba. Da aka gama mata suka rangaɗa guɗa. Malam tela, dattijo da shi, ya shiga fili yana rawa da tef ɗin awo a wuya, hularsa ta faɗi bai ma sani ba.

Kafin biyar duk ejan-ejan sun hallara a gidanmu, babu wanda ya makara. Baba ya fito da tebur tsakar gida ya zauna, ya sa gilashi, ya zaro jan biro. Ɗaya bayan ɗaya suke miƙa masa yana dubawa, yadda na sha ganin yana duba takardun jarrabawar ƙarshen shekara. Ya jera su bisa lambar rumfa, ya huda gefensu, ya zura igiya ya ɗaure a cikin fayil. Sannan ya tara jimilla a wata takarda dabam, ya sake tarawa daga ƙasa zuwa sama. Rumfa biyu kawai ya faɗi. Ya cire gilashin ya ce, "To, madalla."

Ni kuwa ɗakin Mama na shiga na zauna a bakin gadonta na yi kuka mai isata. Na ce mata ɗakinki ya tsira, za a yi kwalbati kafin ruwa ya sauka. Da bakina na faɗa mata haka.

Acaba biyu muka hau zuwa inda ake tattara sakamakon mazaɓa, Baba a gaba, ni a baya rungume da fayil. Hanyar ta gaban shagonmu ta bi. Shaguna duk a rufe saboda zaɓe, amma makulli na ɗaure a bakin zanina, janareto kuma da mai a ciki, ni na zuba da hannuna ran Juma'a. Na daki kafaɗar ɗan acaba na ce ya tsaya, na ƙwala wa na gaba kira.

"Baba, minti goma. In kwafe su mu wuce."

Ya sauko a hankali ya tako zuwa inda nake. Ya ce, "Ki kwafe me?"

"Takardun nan. Ko da wani abu zai faru."

"Uwata, shekara talatin da biyar ina ɗaukar takardun jarrabawa, daga aji sai ofis. Ban taɓa ratsewa da su wani shago ba. In aka ga mun shiga nan da su mun rufe ƙofa, gobe a ce mun yi musu wani abu, me za ki ce?"

"Baba, waɗannan ba na ofis ba ne, naka ne!"

"Sakamako na hukuma ne har sai hukuma ta gani. Kawo."

Ya miƙo hannu. 'Yan acaba biyu sun zuba mana ido, ga wasu masu shayi a gefe su ma sun juyo. Fayil ɗin yana ƙirjina, ƙofar shagon taku biyar ce daga inda nake tsaye. Da na ruga na shige na turo ƙofa, me zai yi? Dukana zai yi a titi? Amma ni ba a yi mini tarbiyyar ja-in-ja da ubana a gaban mutane ba, shi ɗin ne kuma ya yi mini tarbiyyar. Na miƙa masa. Shekara nawa ke nan, har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Wurin tattara sakamakon cike yake da 'yan sanda da 'yan siyasa masu manyan riguna. Muna shiga sai ga baturen zaɓen mazaɓar ya fito daga wani ɗaki. Ina ganinsa na ji sanyi a raina, domin na san shi. Ɗalibin Baba ne. Lokacin da mahaifinsa ya rasu yana aji biyar, Baba ya ɗauko shi ya zauna da mu a gidan malamai har ya gama firamare. Tuwon Mama ya ci shekara biyu. Shi ke kaɗa ƙararrawar makaranta, shi ya goye ni ina jaririya, Yaya nake ce masa. Yanzu ya zama babban mutum mai tumbi, cikin farar shadda.

Yana hango Baba ya taho da sauri, ya zube har ƙasa a gaban kowa, shaddar nan a cikin ƙasa. "Baba, ranka ya daɗe. Da kanka?"

Baba ya dafa kansa. Na ga yadda fuskarsa ta cika da alfahari, yana waiwayen mutane don su gani. Sannan ya ɗago fayil ɗin ya miƙa masa da hannu biyu, ya ce, "Ga na ejan-ejan ɗina. Na duba, na jera maka su bisa lamba don kada ka wahala. Ka haɗa da naka ka gwada."

Abin da ba zan taɓa mantawa ba shi ne, mutumin nan bai tambaya ba. Allah ne shaidata, bai roƙa ba, bai yi dabara ba. Shi kansa sai da ya yi turus. Ya dubi fayil, ya dubi Baba, ya saci kallon wasu 'yan siyasa biyu da ke tsaye a bakin ƙofar ɗakin da ya fito. Na ja gefen kaftanin Baba na ce a hankali, "Baba, namu ne fa, ba a bayarwa."

"Ke, yi shiru, manya na magana."

Sai baturen zaɓe ya sa hannu ya karɓa. Ya ce, "An gama, Baba. Je ka gida ka huta. Gobe da kaina zan kawo maka su har gida." Ya dube ni ya ce, "Ƙanwata, an girma." Ya juya ya koma ciki da fayil ɗin.

Washegari Lahadi. A coci fasto ya sa aka yi addu'ar godiya, 'yan zumuntar mata suka kewaye Baba da waƙa har yana jin kunya. Da muka dawo gida ya riga ya cika. An ɗora dafa-duka a babbar tukunya, an kawo zoɓo da kunun zaƙi, matan layinmu Musulmi da Kirista kowa da ludayinta. Malam tela ya ɗora rediyonsa a kan tebur ya ƙure murya, ana jiran labaran yamma a ji sunan Hedimasta a bakin gwamnati.

Mai karanta labarai ya bi mazaɓu ɗaya bayan ɗaya, murya ko gargada babu. Da ya zo tamu, sunan kansilan da ke kai ya kira. Ya wuce ta gaba.

Malam tela ya ɗauki rediyon ya girgiza shi ya kara a kunne, sai ka ce wani sunan ne ya maƙale a ciki. Wata mata ta ce, "Inna lillahi," wata ta ce, "Yesu!" Samari suka fara zage-zage suna cewa a tafi a ƙona wurin. Baba ya miƙe ya ɗaga hannu, aka yi shiru kamar a taron safe na makaranta. Ya ce, "Kuskure ne. Takardun suna hannun yaron nan, zai gyara. Kowa ya ci abinci." Babu wanda ya ci. Shinkafar nan sai almuru muka rarraba ta gidaje, rabi ta lalace.

Ran Litinin muka je duba sakamakon da aka manna a bango. Na bi layi da yatsa har na zo rumfarmu ta gindin mangwaro, inda na ƙirga da bakina har muryata ta dushe. Ƙuri'a bakwai aka ba Baba. Bakwai! Matan da suka yi guɗa kaɗai sun ninka haka sau nawa. Baba yana da wata ɗabi'a, duk wanda ya bi ta hannunsa sai ya koya masa ja wa bakwai ɗan layi a tsakiya don kada ta yi kama da ɗaya, ɗamara yake ce masa. Bakwai ɗin da ke bangon nan da ɗamararta tsaf.

Baba ya daɗe yana kallo. Ya cire gilashi ya goge da bakin riga ya mayar. Ya ce, "Wannan ba hannunsa ba ne."

Na ce, "Baba, dubi ɗamarar."

Ya juya ya kama hanya, ko waiwaye bai yi ba. Ya gani sarai. Na san ya gani.

Malam tela ya matsa sai mun ga lauya, muka je wurin wani a unguwar PZ, a saman bene, kan wani shagon kayan lantarki. Ya saurare mu da kyau, yana gyaɗa kai, har ya fara cewa wannan ƙara ce mai sauƙi. Sai ya miƙo hannu ya ce, "Ina kofen ejan-ejan?" Da Baba ya gaya masa inda suke, dariya ta kuɓuce masa, ya yi sauri ya toshe baki ya ce a gafarce shi. Ya ce, "To ko fotokwafi?" Malam tela ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ni da nake kwafe wa 'ya'yan mutane takarda tuli-tuli a yini, har da wasiƙun soyayyarsu. Lauya ya ce gaskiya ba zai ci kuɗin dattijo a banza ba, in babu takarda babu ƙara.

Sau uku na je gidan baturen zaɓe ba da sanin Baba ba. Sau biyu aka ce ya yi tafiya. Na ukun ga motarsa a tsakar gida, ga takalmansa a bakin ƙofa, aka sake ce mini ya yi tafiya. Ranar na manta da tarbiyya. Na tsaya a ƙofar na ɗaga murya na ce ya fito ya dube ni, na ce tuwon uwata da ya ci Allah ya isa, na ce ɗakinta ne zai rufta. Labule ya motsa, amma babu wanda ya fito. Maigadi ya kama hannuna ya fitar da ni, yana ce mini in yi haƙuri. Na tsani kalmar nan tun daga ranar.

A unguwa kuma magana ta juya. Wasu daga cikin ejan-ejan suka ce sun yini a rana sun tsare ƙuri'a, Hedimasta ya kwashe ya kai wa ɓarayi a faranti. Daga nan aka fara raɗa cewa ai sayarwa ya yi, wane mahaukaci ne zai ba da kofe kyauta? Mutumin da ko allin makaranta bai taɓa kawowa gida ba. Waɗanda suka yi masa guɗa suka koma gaishe shi daga nesa, wasu ma su ɗauke kai.

Shi kuwa kullum da safe sai ya yi wanka ya sa kaftani mai guga ya fito bencin Malam tela ya zauna yana fuskantar bakin layi. In mota ta shigo sai ya gyara zama. In na dawo daga aiki abin da zai fara tambayata shi ne, "Ba ki gamu da yaron nan a hanya ba?" Da farko nakan yi masa tsawa, Allah ya yafe mini. Daga baya na gane cewa in ya yarda yaron nan ya cuce shi, to ba zaɓe kaɗai ya faɗi ba, duk shekarun da ya yi a gaban allo ne suka tashi a banza. Sai na koma cewa a'a kawai in wuce ciki.

Ruwa ya sauka. Kansila ya aiko mana da buhuna wofi, wai a cika da yashi a tare ramin, tare da saƙon cewa siyasa ba gaba ba ce. Ni da Malam tela da wasu maƙwabta biyu muka yini muna cikawa. Ruwa na biyu ya tafi da su gaba ɗaya. Bayan 'yan makonni gwaiba ta bi, da 'ya'yanta ɗanye shar a jiki, muka wayi gari saiwoyinta na kallon sama. Na roƙi Baba mu kwashe kayan Mama mu mai da su falo. Ya ce a'a, kwashewa na nufin mun fid da rai, za a gyara sakamako a yi kwalbati. Na sake yin biyayya. Ban san me ke damuna ba.

Cikin marka ne, wata Lahadi, muna coci aka tsuge da ruwa tun daga waƙar farko har aka tashi. Da ya tsagaita muka taho cikin taɓo, tun daga bakin layi muka hango mutane cirko-cirko a bayan gidanmu. Ɗakin Mama ya tafi. Bangon baya da na gefe sun zube cikin ramin, kwanon rufi ya rusuna, gadonta ƙafa biyu a ɗaki ƙafa biyu a iska. Kabad ɗin ya fashe a ƙasa, kwanukan nan da ta tara tun na aurenta sun watsu cikin jan ruwa, wasu na tafiya muna kallo. Zanen zumuntarta na hango ya naɗe a jikin wata saiwa. Bangon da Baba ke rubuta awo a jikinsa shi ma yana ciki.

Na yi ihu, na yi zagi, ban bar kowa ba, har shi Baban na haɗa. Na ce, "Ga hukumarka nan, Baba! Ga yaronka nan!" Yana tsaye da littafin waƙoƙi a hannu, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ban taɓa ba shi haƙuri a kan maganar nan ba har ya bar duniya, wannan ma yana cikin abin da ke cina.

Sauran ɗakunan duk sun tsage, ba su kwanuwa. Cikin mako muka sami ciki da falo na haya a Sabon Gari, muka kira a-kori-kura. An gama lodi, na hau baya na zauna a kan katifa, direba na ta danna ham, Baba bai fito ba. Can sai ga shi daga shagon Malam tela, yana mayar da jan bironsa aljihu. Takarda ya rubuta, da kwatancen sabon gidan dalla-dalla, layi kaza, bayan injin niƙa, ƙofa mai shuɗin fenti. Ina ji ya ce, "Malam, in yaron nan ya zo da takardun, ka nuna masa inda muka koma. Kada ya zo ya tarar ba kowa ya ji kunya."

Malam tela ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "To, Hedimasta."

Baba ya yi shekara uku a gidan hayan nan kafin ya rasu. Ni tun daga wancan zaɓen yatsana bai sake taɓa tawada ba, kuma duk wanda ya zo mini da wa'azin zaɓe nakan ce ya je bayan Samaru ya yi wa ramin. Da na je gaya wa Malam tela rasuwar, ramin ya cinye gidanmu ya tsallako har ya fara taɓa bayan shagonsa. Takardar na nan manne a bango saman kekensa, ya soke ta da allura huɗu, jan rubutun ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Ya ga ina kallonta. Ya ce kullum in ya buɗe shago sai ya kaɗe mata ƙura, amma har yau babu wanda ya zo ya tambaya.